Hular Baba Mai Agogo

Yaya, ta yi magana! Wallahi ta yi magana, yanzun nan, da kunnena na ji! Kumatu fa, 'yata, wadda ake ta ce mini a kai ta asibiti a duba harshenta. Ina rubuto miki, ga dariya ga hawaye, sai ka ce wadda ta zare. Amma ba "Mama" ta ce ba, ba kuma "Baba" ba. Tsaya in faro miki daga tushe, in ba haka ba ba za ki gane ba.

Kin tuna tsofaffin nan da ƙofarmu ke kallon tasu, Baba Mai Agogo da matarsa Iya? To, Iya ta rasu satin da ya wuce. Ban kira ki ba, bakina ne ya yi nauyi.

Tun bara kanta ya fara juyewa. Da fari takalmi take ajiyewa cikin tukunya, muna dariya. Daga baya sai ta manta Baba ɗungurum. Mutumin da suka tsufa tare! In ya shigo da kwanon abinci sai ta ja mayafi ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan, ka dawo an jima."

Shi kuma ya ce, "To uwargida, bari in jira shi." Ya jawo kujerar roba, yana ba ta a cokali.

Ba su da ɗa ba su da jika, sai agogunan mutane da yake gyarawa, sun cika bango, kowanne da nasa lokacin.

Ni ke zama da Iya in ya tafi shago. Don Kumatu ta bar ni in sarara, sai in kunna mata katun, fim ɗin zanen nan na yara, a wayata mai fasasshen gilashin nan, in jingine ta da flas. Akwai wani da ba a magana a cikinsa, kiɗa ne kawai. Wani dogon saurayi kamar sanda, kullum zai fita sai ya manta hularsa, amaryarsa ta biyo shi da gudu ta ɗora masa. Haka dai, haka dai, har kansu ya yi fari, gudun ya koma ɗingishi. A ƙarshe sai ya fito ya tsaya bakin ƙofa, babu mai biyo shi. Ni wannan wurin ba na bari a kai, sai in ce caji ya ƙare.

Ranar da Iya ta fara gani, matar da ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba, sai ta miƙa hannu wajen wayar ta daka tsawa.

"Hula! Kai, mai kan ƙwarya, hularka!"

Shigowar Baba ke nan. Ledar maganin da ke hannunsa ta faɗi.

"Abin da take ce mini ke nan," in ji shi. "Tun tana amarya. Ni ne mai kan ƙwaryar." Ya shafa sanƙonsa.

Na ce, "Baba, ai sunan ya zauna daram."

"Ja'ira," in ji shi. Yana dariya, idonsa ya kaɗa.

Daga ranar kullum sai an kalla. Iya da Kumatu a katifa ɗaya, tsohuwa na ihun hula, yarinya na tafi. Baba kuwa sai ya ɗauko wata dabara. Da safe zai ajiye hularsa gefen matashin Iya da gangan, ya taka a hankali har ƙofa, ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Jira yake ta kira shi. Ko sau ɗaya ne, shi ke nan abin da yake so. Ina shanya ina kallonsa.

"Baba, ga rana fa."

"Bar ni dai, 'yata. Wataƙila gobe."

Iya ta san ɗan zanen da ke cikin waya, amma na gabanta ba ta san shi ba.

Ranar da za ta tafi, da hantsi, numfashinta ya koma sama-sama, Baba ya ƙi fita. Sai ta lalubo hular ta riƙe, ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallonsa. Na ce a raina, yau kam ta gane. Shi ma haka ya zata, ya durƙusa bakin katifar.

"Bawan Allah," in ji ta, muryar can ƙasa. "Kai kana da kirki. In ka ga maigidana a hanya, ka ba shi wannan. Ya fita ba hula, ga rana."

"Zan ba shi."

"Ka ce masa kar ya daɗe."

"Zan faɗa masa."

Kafin azahar ta cika.

Yaya, hular nan rataye ta ya yi a ƙusa tsakanin agogunan, ya ƙi sawa. Baban Kumatu ya yi masa magana, sai ya ce, "Ai ba ni ta ba wa ba. Saƙo ne, ban ga mai shi ba tukuna." Abinci sai ya taɓa ya ture. Agogunan ma ya daina murɗa su, rabinsu sun tsaya.

To yau na kai masa shayi, na sauke Kumatu a ƙasa ina ɗan share masa ɗakin. Ya tashi zai fita. Da ya kai ƙofa sai ya tsaya, kin san sabo. Can sai na ga yarinyar nan ta dafa katifar Iya ta miƙe, ta nuna shi da ɗan yatsa.

"Hula! Kai, hula!"

Har da tsawar, Yaya, sak ta Iya! Na saki tsintsiya na kurma ihu, na ɗaga ta sama ina juyi. Sai da na lura Baba bai juyo ba na sauke ta. Kafaɗunsa ne kawai ke motsi.

Da ya juyo, ya je ya ciro hular daga ƙusa, ya kaɗe ta, ya miƙa wa Kumatu, ya sunkuyar mata da sanƙonsa. Ta ɗora masa a karkace, ta rufe masa kunne ɗaya.

"To," in ji shi. "Saƙo ya iso."

Ki faɗa wa Inna, ki faɗa wa duk masu cewa kurma na haifa, Kumatu ta yi magana. In sun tambayi me ta ce, ki karanta musu wannan tun daga farko, kuma su sa Iya cikin addu'a. Yanzu haka ina leƙensa ta taga, ya kusa shan kwanar layinmu, hular tana nan a karkace, bai gyara ta ba.