Ƙoƙuna a Kan Toka

Wata huɗu ke nan da ɓatan Desmond, mijin Merle, a dajin bayan gonarsu, can kudancin tsibirin Tasmania. Tsufa ya taɓa masa kai. Ya fita da safe da gwangwanin dafa shayinsa, shi ke nan. Da masu ceto suka tambayi Merle ina za su nema, ta rantse kogi ya nufa, don mayen kamun kifi ne. Kwana tara suna birkita kogin, ko takalmi ba su samu ba.

Ranar wata Lahadi ƙanwarsa Glenys ta fito da Merle dole, wai ta sha iska. Glenys kuwa jarababbiyar naman kaza ce, ba ta wuce ruɓaɓɓen itace ba ta durƙusa ba.

Ba su yi nisa da shingen gonar ba, ta gefen tudu, Merle ta ga wani naman kaza kamar 'yan ƙoƙuna ruwan lemo, ba su kai farce ba, sun yi cincirindo a ƙasa.

"Ga 'yan uwanki nan," in ji ta. "Irin na bakin hanya."

"Ke dai komai ja a wurinki ɗaya ne." Glenys ta zaro gilashinta na ƙara girma, ta kwanta rub da ciki. "Na bakin hanya bakinsu sumul yake. Waɗannan suna da ɗan gashi mai duhu a gefe. Ba sa fitowa sai inda wuta ta..."

Merle ta matso kusa.

"Wace wuta? Ai dajin nan bai taɓa gobara ba."

Glenys ta yaye ganye da hannu. Gawayi. Duwatsu an jera su kamar murhu. Ga gwangwanin nan a kife, ya yi baƙi ƙirin.

Merle ta waiwaya. Wayyo, daga nan har rufin gidanta ana hangowa. Sai ta tuna: kwana biyu bayan ɓatansa ta ga hayaki ta tagar kicin, siriri, daidai nan. Ta yi tsaki, ta ce maƙwabci bai da tausayi, ana neman mutum shi yana ƙona shara. Ta ja labule.

"Ki ce na bakin hanya ne, Glenys," ta ce. "Don Allah sake dubawa."

Glenys ta sake dubawa. Gashin yana nan.