Rigar A-Bin Ba Ta Ganin Ruwa

A-Bin mai gyaran babur a garin Keelung ƙato ne, irin wanda in ya hau keke sai ka tausaya wa keken. Tun yana zanin goyo yake bayan Ƙaguwa, ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ɗin da babansa ya bar masa gado, kuma tun lokacin suke shan duka kamar gangar biki. Ranar da ayarin abokan hawan kekensa ya tashi zagaya tsibirinsu a keke, ya saka shuɗiyar rigar ƙungiyar. Da yamma Ƙaguwa ta ci wasa. Washegari ta ƙara. Shi ke nan, A-Bin ya gano sirrin: rigar ce. Ya rantse ba za ta ga ruwa ba sai an ɗauki kofi.

Kafin su wuce Tainan, rigar ta fara tsayuwa da ƙafarta. Karnukan ƙauye da ke bin masu keke, in suka iso kansa sai su juya.

"Ɗana," in ji Kawu Liao, tsohon direban bas, "wani abu ne ya mutu a jakarka?"

"Ƙamshin nasara ne, Kawu. Ba ka saba da shi ba ne."

Anti Mei-chu, shugabar ayari, ta mayar da shi can ƙarshen layi. Ko a jikinsa. Yana taka feda yana tunaninsa: ai besbol da wannan tafiya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ka bar gida, ka zagaya a guje, ka dawo inda ka taso, a tafa maka. Bambancin kawai, ɗan besbol yana iya zama a kujera bayan an tashi, ba tare da ya yi ƙarar ciwon mazaunai ba.

Ranar wasan ƙarshe, suna karyawa a Taitung, wata mata ta ɗauke kwanonta ta koma waje. Anti ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Ƙato, yau ko ka wanke ta, ko jirgin ƙasa ya mayar da kai gida."

"Haba Anti! Zuwa yamma kawai. Babana har ya mutu bai ga kofin nan ba."

"Da ya ji warin nan, da ya yafe kofin. Mu je, na ba ka zuwa rana tsaka."

Suna hawa hanyar bakin teku iska ta tare su gaba da gaba. Ka taka feda iya ƙarfinka, keke ya ce bai san zancen ba. A irin wannan, mai faɗin baya ake sawa a gaba ya kare wa sauran iska. Aka duba, aka sake dubawa. Mai faɗin baya ɗaya ne tal.

"Allah Ya isa," in ji Kawu Liao, ya ɗaure hanci da tawul. "Wuce gaba."

A-Bin ya wuce yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. Tafiya ta yi sauƙi, numfashi ya yi wuya. Sai ga hadari ya haɗo daga teku, yayyafi ya fara. A-Bin ya ja birki, ya faɗa ƙarƙashin rumfar wani shago.

"Ba inda za ni! Wankin ruwan sama ma wanki ne!"

Ba shi a gaba, ba tafiya. Anti ta yi tsaki, ta shiga shagon, ta fito da rigunan ruwa na leda, rawaya ɗin nan. Suka zura masa ɗaya, suka ƙara ɗaya, Kawu ya ɗaure wuya da hannuwa da roba tamau. Aka ci gaba. Can sai wani daga baya ya yi ihu:

"Jama'a, ina jin ƙamshin teku!"

Wari ya kulle a leda. Har waƙa aka yi a hanya, shi kuwa yana dahuwa a ciki kamar alala.

Da yamma suka tsaya a rumfar mai taliya, A-Bin ya fito da waya. Ya duba, ya ɗago.

"Ruwa ya cika fili. An ɗage wasan sai jibi." Ya kai hannu zai kwance robar wuya. "Anti, bari in ɗan sha iska."

Ta buge hannun da cokali.

"Ai mu ma yanzu 'yan Ƙaguwa ne. Rigar nan ba ta ganin ruwa, kai kuma ba ka ganin waje. Kawu, ƙaro roba."