Sahadatu da Tukunyar Gas

Gidan Alhaji Gausu da ke Alabar gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Da yamma kowace mace takan fito da kurfotinta ta hura gawayi. Sahadatu kaɗai ke girki da gas, a barandar ɗakinta can kusa da ƙofar waje. Ta bar gawayi ne tun shekarar da 'yarta Hikma ta kamu da asma, hayaƙi kaɗan ya isa ya sarƙe mata numfashi.

Ran nan aka zo da labarin wai tukunyar gas ta fashe a wani gida a Oforikrom. Bayan la'asar Alhaji ya tsayar da mijinta Sumaila a ƙofar masallaci. Sumaila ya shigo gida yana sosa ƙeya.

"Maman Hikma, Alhaji ya ce a fitar da gas daga gidansa. Ki yi haƙuri ki koma gawayi, ko na ɗan lokaci ne."

"Kai me ka ce masa?"

"Na ce yoo, na yarda."

Sahadatu ta ajiye ludayi, ta yafa mayafi, ta nufi inda Alhaji ke zaune a kan benci. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baaba, saƙonka ya iso. Amma ba zan koma gawayi ba."

Matan gidan suka daina fifita wuta.

"'Yata, so kike ki ƙone mana gida?"

"Allah ya kiyaye. Tiyo sabo ne, kullum ina kashe kan tukunyar in na gama. In kana so a yi mata keji a waje, sai a kira mai walda."

"Ba na son keji. Iyayenmu da itace suka girka, suka rayu."

"Baaba, ni na goya Hikma zuwa asibiti tana neman numfashi, leɓenta ya yi baƙi. Ba wanda ya ba ni labari. Tun da na daina hura wuta a ƙofar ɗakin nan ba mu sake kwana a can ba. Ba zan mayar da ita ba."

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "To, ko gas ko ɗaki."

"Mun gode da zaman arziki. Ka ba mu zuwa ƙarshen wata."

Sumaila ya yi kwanaki ba ya mata magana sai dole. Shagon ɗinkinsa na nan kusa, ga 'yan'uwansa duk a Alabar. Amma shi da kansa ya bi unguwanni har ya samo ɗaki a Dichemso, ƙarami paa, ruwa ma sai an ɗebo daga maƙwabta.

Ranar tashi, tsohuwa Mma Safura mai ƙosai ta riƙe hannun Sahadatu tana kuka, ta cusa wa Hikma ƙullin ƙosai mai zafi.

A Dichemso mai gidan, wani dattijo Malam Boukari, ya tsaya yana kallon kayan da ke cikin mota. Ya nuna tukunyar da baki.

"Wannan fa?"

"Gas ne, Baaba," in ji Sahadatu. "Da shi nake girki. In ba ka yarda ba ka faɗa mini yanzu, tun ba mu sauke kaya ba."

Malam Boukari ya dube ta, ya dubi Sumaila da ya sunkuyar da kai. Sai ya juya ya nuna wata kusurwa bayan taga.

"Ku ajiye ta can, iska ta fi wucewa."