Murya ta Uku a Bakin Rijiya

Takarkarai biyu suka ja, igiyoyi suka miƙe, sai muryar ta sake tasowa.

Ba ta da ƙarfi. Wani gunji ne can ƙasa-ƙasa, irin na mutumin da abu mai nauyi ya danne wa ƙirji yana neman numfashi da baki rufe. Matan da ke jiran ruwa suka ja da baya, wata ta saki tulunta ya fashe, ba ta ko dube shi ba. Rana ta take, ko gajimare babu, amma tsikar jikin kowa ta tashi.

"Kun ji shi ko?" in ji Ɗangoggo, babban makiyayan wurin. "Kwana goma sha biyu ke nan. Ku tsai da shanun."

Aka tsai da su. Muryar ta ɗauke.

Mainassara mahaƙin rijiya yana tsaye a baki. Ya karkata kai ya ba ramin kunnensa na dama, sannan ya juya ya ba shi na hagu. Mutane sun saba ganinsa yana haka, suna cewa ai gwaninta ce, gwani ba ya yarda da kunne ɗaya. Shi kuwa bai taɓa gyara musu ba.

Rijiyar tasa ce, shi da abokinsa Hamma. Rani uku suka yi suna haƙarta a dajin da ke tsakanin Dakoro da Korahane, sai da suka sauka gaba arba'in kafin ƙasa ta yi danshi. A zamanin nan, da ayarin Azbinawa ke saukowa da gishiri, wanda ya fito da ruwa a wannan daji ya fi mai doki daraja. Bara da bazara aka kira su su yashe ta. Mainassara ya sauka tukuna, kamar yadda ya saba, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ɗan guntun ƙarfensa. In bango ya amsa da siririn sauti, ƙarau, to lafiya yake. In ya amsa da kauri, to akwai kogo a bayansa, kada kowa ya sauka. Ya fito ya ce lafiya. Hamma ya sauka da kwando, bangon ya zubo masa a gaba ta talatin. Sai washegari aka fito da shi, aka rufe shi a gindin aduwar can. Aka ɗaure bangon da ya zube da itace, aka ci gaba da sha shekara guda ba wanda ya ji ko tari.

Yanzu ga wannan. An yi addu'a, an yi sadakar baƙin akuya, muryar ko a jikinta.

"Mun gama shawara," in ji Ɗangoggo. "Kafin la'asar mu cike ta. Bawan Allah na son a ruhe mai ɗakinai, mu kuma muna ta jan ruwa bisa kainai. Gobe mu kora dabbobi Bader Goula."

"Kwana biyu ne cikin wagga rana," in ji Mainassara. "Maruƙa ba su kaiwa. Tsohuwarka ma ba ta kaiwa. Manoman ga kuma su ɗauki gonakinsu bisa kai su bi ka?"

"To mu sha ruwan da mamaci ke kuka ciki?"

Mainassara ya waiwaya. Maza har sun fara ciko kwanduna da yashi suna jerawa. Zuciyarsa ta yi masa zafi ƙwarai, don ya san kowace gaba ta ramin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, kuma ya san abin da ta ci.

A gefe, nesa da sauran mata, Zalika matar Hamma tana tsaye da tulunta a ƙasa. Ita kaɗai ce ba ta ja da baya in muryar ta taso. Tun ranar farko take zuwa da hantsi, ta tsaya, ba ta komawa sai an kwance shanu.

"Ku ƙara ja sau ɗaya," in ji Mainassara.

Ɗangoggo ya yi tsaki, amma ya ɗaga hannu. Aka ja. Mainassara ya durƙusa ya zura kansa cikin rijiyar. Sanyi ya bugi fuskarsa, da warin jiƙaƙƙen itace. Ya zaci gunjin zai ƙaru, sai ya ji ya ragu. Ya miƙe ya zagaya bakin a hankali. Duk abin da ke kuka a duniya yana da gefen da yake fitowa, ko kura ce a daji ka san inda za ka juya. Wannan ba shi da gefe. Ba gabas yake ba, ba yamma ba, ba ƙasa ba. Yana zaune ne a tsakiyar kan mutum, kamar da shi aka haife ka.

Nan ne tsoro ya kama shi sosai, don ya san irin wannan baƙon. Yana da nasa a gida.

Ya ɗaga ido ya dubi gwafannin da ke bisa rijiyar. A kan kowace akwai ɗan gungumen itace mai juyawa, wanda igiyar wasaki, babban gugan fata, ke gudana a kansa. Ɗaya tsoho ne, ya yi baƙi da gumi da maiƙo. Ɗayan fari fat, sabon sassaƙa.

"Wagga ta biyu yaushe anka kafa ta?"

"Da garken Korahane sunka sauko," in ji Ɗangoggo. "Igiya guda ba ta isarmu."

"Kwana nawa?"

Ɗangoggo ya fara lissafi da yatsu, ya kai sha biyu, ya tsaya.

"A ja tsohuwar gwafar ita kaɗai," in ji Mainassara.

Takarkari ɗaya ya tafi. Gungumen ya yi ta kukansa siriri, wanda kowa ya sani tun ana yaye shi. Ba gunji. Aka ja sabuwar ita kaɗai, ita ma ta yi nata, ya ɗan fi wancan kauri. Ba gunji. Aka ja su tare. Kuka biyu suka haɗu a sama, sai ga na ukun ya taso daga ƙarƙashinsu, mai nauyi, yana rawa kamar numfashi.

Wata tsohuwa ta fara salati.

"Kun gani," in ji Mainassara. "Itace na. A shafa musu man shanu, shi ke nan."

Ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe bai san Ɗangoggo ba, mutumin da ko raƙumi ka sayar masa sai ya ƙirga ƙafafunsa.

"Tsaya, Sarkin haƙa. Wanga ice ya yi kuka, mun ji. Wancan ya yi, mun ji. Biyu ke nan. Na ukun fa? Ba shi cikin wanga, ba shi cikin wancan. To wa ad da shi?" Ya juya ga jama'a. "Shi na. Jira yakai a yi hayaniya shi laɓe ciki. In mun shafa mai, mun toshe mai baki kawai, yana nan."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani saurin hannu har ya ɗaga kwandonsa ya nufi baki.

"Ba ta cikin rijiya," in ji Mainassara da ƙarfi. "Cikin kunnuwanku take. Kunne in ya ji kuka biyu sun matse shi, shi ka ƙara na uku da kainai."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da tsoro ya gajiyar.

"Kunnen mutum arba'in shi yi ƙarya rana guda?" in ji Ɗangoggo. "Kai da kunne kake ci. Yaushe kunne ya taɓa faɗa maka abin da babu?"

Mai kwandon ya tsaya a baki yana jiran a ce zuba.

Shekara biyu ke nan Mainassara yana ɓoyon abin nan. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da shi kwana tara, da ya tashi sai ya tarar kunnensa na hagu ya sauka. Ba kurumta ba ce, yana ji sarai, sai dai duk abin da na dama ya ji, na hagu sai ya ji shi da kauri. Zakara ɗaya ya yi cara, shi ya ji biyu, babba da ƙarami. Matarsa ta kira shi, ya ji kamar ita da uwarta. Ko ita bai gaya wa ba. Mahaƙin da kunnensa ya rabu biyu, wa zai ƙara kiransa?

Ya dubi kwandon. Ya dubi Zalika. Sannan ya zaro guntun ƙarfen daga ɗamararsa, ya sunkuya ya bugi dutsen bakin rijiyar sau ɗaya.

"Nawa kunka ji?"

"Guda," in ji Ɗangoggo.

"Ni biyu na ji. Nan siriri," ya taɓa na dama, "nan mai kauri. Dutse guda, bugu guda. Ɗayansu ba shi duniya, cikin kaina yake. Na san kunne na ƙera abin da babu, Ɗangoggo, don da shi nike kwana, da shi nike tashi."

Wurin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga wasaki tana komawa ƙasa, tana daɗewa kafin ta isa. Mai kwandon ya sauke shi a hankali.

"Tun yaushe?"

Zalika ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matso ba.

"Shekara biyu."

Ya ga leɓɓanta suna motsi. Lissafin ba shi da tsawo.

"Ran nan kai ka sauka ka bugi bango, kahin mai gidana shi sauka."

"Ni na."

"Mi ka ji?"

"Na dama ya ce ƙarau. Na hagu ya ce kogo."

"Wanne ka bi?"

"Na ce a raina na hagun ne mai ciwo, komi da kauri yake ji. Ban hito na ce a samo wani shi saurara ba. Kunya na ji."

Ya jira ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ɗebi ƙasa ta watsa masa. Da ta yi, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube shi kawai, kamar yadda ake duban baƙon da ya shigo gida ba sallama.

Ɗangoggo ya share maƙogwaro. Bai dubi Mainassara ba. "Baraka," ya ce wa ƙanwarsa, "kawo man shanu. Ku kuma ku mai da yashin nan inda kunka ɗebo shi."

Mainassara ya ajiye ƙarfen a kan dutsen. Ya san ba mai sake aiko masa daga yau, daga nan har Korahane, kuma ya san daidai ne. Ba wanda ya ɗauki ƙarfen.

Baraka ta zo da ƙwarya. Wani dogo ya lakato man ya miƙa hannu wajen sabon gungumen.

"Dakata," in ji Zalika. "Baba Ɗangoggo, a ja su tare. Sau guda."

"Ɗiyata, kin dai ji abin da anka ce. Ice na."

"Na ji. A ja."

Ɗangoggo ya ɗaga hannu. Takarkarai suka tafi, masu kora ba su ko yi musu tsawa ba. Kuka biyu suka hau, na ukun ya taso. Zalika ta tako har tsakanin gwafannin biyu, inda ya fi ƙarfi, ta rufe ido. Igiyar gaba arba'in tana da tsawo, ta tsaya har ƙarshenta. Da wasakai suka iso baki, ruwa na zuba ta gefe, ta buɗe ido.

"Haka yakai in ya gaji," ta ce, ba da kowa take ba. "To, ku shafa."

Aka shafa. Aka sake ja, igiyoyi suka gudana sumul, ba a jin komai sai takun shanu da hucinsu. Mata suka matso ɗaya bayan ɗaya, maruƙa suka rugo suna turereniya. Zalika ta cika tulunta, wata ta taya ta ɗauka, ta bi hanyar gida ta gefen aduwar ba ta waiwayo ba.

Mainassara yana nan inda yake. A jan nan na ƙarshe kafin a shafa mai, ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya ba da na dama, ya ba da na hagu. Kukan tsohon gungume biyu ya ji shi. Na sabon ma biyu. Amma gunjin nan na ƙasa, wanda ya rantse wa jama'a babu shi, guda ɗaya ya ji. Dama da hagu, daidai wa daida. Cikin shekara biyu, shi ne abu na farko da kunnuwansa suka yarda a kansa.

Wani maraƙi ya yi kuka a bayansa, ya ji biyu. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai gaya wa kowa ba.