Harsashi Ɗaya Don Bantom

"Ba nan ba! Wa ya gaya miki a ido ake harbin sa? Ɗaga kaɗan."

Shupikai ta sauke bindigar daga kafaɗa ta zabga wa tsohon harara. Baba Chigumira yana kishingiɗe a kujerar katako ƙarƙashin mangwaro, bargo a gwiwarsa duk da ranar da ake ƙwallawa. Taku uku a gabanta kabewa ce a kan kututture. Tsohon ne ya umarce ta ta zana mata idanu da ƙahoni da gawayi, ta ja layi daga idon dama zuwa ƙahon hagu, wani daga idon hagu zuwa ƙahon dama.

"Inda suka gitta, nan ne," in ji shi.

"Baba, na baro wankina a rana, na zo ina harbin miyar mutane. Kai da likita ya ce ka kwanta, shi ne ka tashi da yaƙin kabewa?"

"Harba, ke dai. Bakinki ya fi bindigar ƙara."

Ta ɗaga, ta riƙe numfashi, ta ja kunama. Tas! Ƙaramin rami ya bayyana daidai mahaɗar layukan. Tsohon ya gyaɗa kai, dariya ta zo masa, tari ya tare ta.

Bindigar nan ta girmi Shupikai. Tu-tu ce, mai ƙaramin harsashi kamar kan ɗan yatsa, wadda mahaifin Baba Chigumira ya saya tun lokacin da aka yanka musu wannan gona. Ƙotarta ta tsage an ɗaure da wayar shinge, baƙin ƙarfenta ya koɗe ya yi fari a duk inda hannu ke taɓawa. Man keken ɗinki Baba Chigumira yake ɗiga mata, ya ja tsumma ta cikin bututunta da zaren kamun kifi. Yakan ce harsashinta dalma ce mai laushi, ko shekara ɗari za ta yi tana aiki ba zai cinye ta ba, sakaci ne kawai ke kashe irinta. Sunan da ya sa mata Tsohuwa. Shekara arba'in, duk gidan da aka yi rasuwa a yankin, shi da Tsohuwa ake kira su kayar da san makoki. Harsashi ɗaya, sa ya durƙusa, sannan masu wuƙa su matso. Sai bara waccan da hannunsa ya fara rawa ya ce ya ajiye, ba zai wulaƙanta dabba ba.

"Kin ga abin da aka yi a gidan Zimuto," ya ce bayan tarin ya lafa.

Ta gani, wa bai gani ba? Samari da gatari. Sara uku suka yi wa san, ya tsinke igiya ya fasa shinge, jini ya rufe masa ido, yana ruri yana zagaya masu makoki har matar mamacin ta toshe kunnuwa.

"Bantom za su yanka mini ranar makokina," ya ce. "Shi kaɗai ya rage a garke. Shekara sha huɗu muna noma tare, bai taɓa kwanta mini a tsakiyar kunya ba. Ba na so ya san abin da ya same shi, Shupi. Ke za ki yi."

"Ni? A'a wallahi! Kana da ɗa namiji a Harare."

"Garikai? Yaron da ke rufe ido in ana yanka kaza?"

"To mace a bakin garke ranar makoki, me dattawa za su ce?"

"Su ce. Ke sahwira ce, wa ya isa ya hana ki?"

Nan ya ɗaure ta. Mijinta Nyika shi ne sahwira na gidan Chigumira, abokin wasan da ke wanke gawa, ya tsokani masu kuka, ya faɗi abin da dangi ba su iya faɗa. Da Nyika ya rasu ita ta gaji matsayin. Kuma ba wannan ne kaɗai ya ɗaure ta ba. Damanar farko bayan rasuwar Nyika, birai suka sauko daga dutse suka dira a masararta kamar an aiko su. Ga 'ya'ya uku, ga gonar da ita ce abincinsu. Baba Chigumira ya yi mako biyu yana zama a gindin suri a gefen gonarta tun hantsi har la'asar, nasa aikin a yashe. Ran da biran suka ja da baya ya miƙa mata Tsohuwa ya ce, "Koyi. Ni ba zan dawwama ba, birai kuwa za su dawwama." Da masarar nan ta raini 'yarta Rudo da ƙannenta. Mutumin da ya yi maka haka, ka dubi idonsa ka ce a'a?

"Saura abu ɗaya," ya ce. "Sa wani harsashin."

Ta sa, ta rufe sakata, ta saita, ta ja. Ƙyas. Shiru.

"Ka gani ko? Tsohuwarka ta mutu kafin kai."

"Kada ki buɗe! Tsaya a saitinki, ƙirga goma. Wani lokaci yakan yi nawa ya tashi daga baya." Ta ƙirga. "To buɗe a hankali, tare shi da yatsa kada ya faɗi. Kin ga inda allura ta dake shi a gefen gindi? Irin wannan harsashin wutarsa a gefe take, zagaye. Allurar Tsohuwa ta ɗan gaji, wani lokaci ba ta cizo sosai. Juya shi, ki ba ta sabon wuri."

Ta juya shi da babban yatsa, ta mayar. Tas! Kabewa ta sake samun rami.

"Ba ta taɓa ƙin mutum sau biyu ba," in ji tsohon. "Kwashi kabewarki ki je ki yi miya. Ki cire dalmar, kada ki karya wa jikokinki haƙora."

Bai sake fitowa gindin mangwaron ba. Ƙafafunsa suka kumbura, ƙanwarsa Gwaggo Mazvita ta tattaro kayanta ta dawo gidan jinya. Kullum da hantsi Shupikai takan ƙetare shingen da ya raba gonakinsu da kwanon kunun gyaɗa, ya sha cokali biyu ya ce gishiri ya yi kaɗan, ta ce wanda ke da ƙafa ɗaya a kabari ba ya zaɓen gishiri. Gwaggo Mazvita ta yi salati tana dariya tana share ido da gefen zane.

Garikai ya iso ranar Talata da mota mai ƙura har gilashi. Mutum ne mai kirki, mai tumbi da tabarau, ya durƙusa a gaban gadon ya tafa hannu ya gaida mahaifinsa yadda ya kamata. Washegari da hantsi tsohon ya ce a kawo masa Bantom bakin taga. Shupikai ta jawo shi, jan sa mai farin ciki, ƙahonsa ɗaya ya lanƙwashe ƙasa. Ya cusa hanci ta taga yana hura iska. Baba Chigumira ya ɗora tafinsa a kan goshin, ya shafa shi. Sannan ya juyo da ido wajenta.

"Shupi."

"Na ji, Baba. Sau nawa za ka faɗa?"

Kafin rana ta take ya cika. Gwaggo Mazvita ce ta fara rusa kuka, matan maƙwabta suka amsa daga gona zuwa gona. Shupikai ba ta samu sukunin nata kukan ba. Ita ta rufe masa ido, ita ta sa aka kwashe kujeru daga ɗakin girki don a shimfiɗa shi, ita ta sa tsohuwar hularsa ta riƙa kwaikwayon tafiyarsa a tsakar gida tana faɗa da birai, har masu kuka suka ɓarke da dariya. Aikin sahwira ke nan.

Ranar Alhamis da safe, rana ta ɗan ɗaga, maza suka taru a bakin garke da wuƙaƙe da ganyen shimfiɗa nama. Mutum ya fi ɗari biyu a gidan, tukwanen tuwon masara suna jiran abin miya. Ta fito daga ɗaki da Tsohuwa a hannu ɗaya, kwanon dusa da gishiri a ɗayan, sai ta tarar Garikai ya riga ta. Yana riƙe da wata sabuwar bindiga doguwa mai sheƙi, da madubin hange a samanta, aro daga wani abokinsa.

"Inna, bar wannan," ya ce a hankali. "Kayan tarihi ne. Wannan ko ɓauna za ta kayar."

"Sannu, maharbi. Ka taɓa harbin sa?"

"A'a, amma ai..."

"Nuna mini a goshinka inda za ka saita."

Ya ɗora yatsa a tsakanin idanunsa. Wani dattijo ya yi tsaki. Ta girgiza kai.

"Nan hancinsa za ka fasa, ya kwana yana ruri. Ga mata da yara a bayan shinge, wannan dodon naka kuwa in ya shiga sai ya fita."

"Ni ne ɗansa," in ji Garikai, muryarsa ta karye. "Ban yi masa komai ba yana raye, Inna. Ko wannan ɗin ku bar ni in yi."

Sai ta ji tausayinsa ya kama ta, tsiwar ta gudu. Dattawa suka fara gunaguni, wani ya ce tun da aka haife shi bai ga mace ta kayar da san makoki ba. Gwaggo Mazvita ta dogaro sandarta ta iso.

"Da kunnena na ji ya ba ta," ta ce. "Wanda ke da ja, ya shiga ɗaki ya tayar da shi ya tambaya." Ba wanda ya motsa.

Shupikai ta miƙa wa Garikai kwanon dusa. "Ajiye waccan. Zo ka ba shi abinci da hannunka, ka sosa masa wuya, ka koma bayana. Ubanka haka yake yi."

Ya yi yadda ta ce. Bantom ya sa baki a kwanon yana lasa, jelarsa tana korar ƙuda. Ta tsaya taku uku a gabansa. Ta ja layukan nan biyu da ido, daga ido zuwa ƙaho. Ya ɗago kai yana tauna, ya dube ta, ya san ta sarai, ita ce mai ba shi ɓawon kankana ta kan shinge. Ta ja kunama.

Ƙyas.

Wayyo! Wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce a kawo gatari. Ta ji takun Garikai ya nufi inda ya jingine doguwar bindigar. Bantom ya daina tauna, kunnuwansa suka miƙe, ya fara ja da baya. In ya tsorata ya juya, shi ke nan, gidan Zimuto za a maimaita.

"Kowa ya tsaya inda yake!" ta ce, ba ta ɗauke ido daga saiti ba. "Garikai, yi masa fito irin na babanka."

Ɗaya, biyu, uku. Fiton ya fito a karkace, mai rawa, amma shi ne, wanda ake kiran shanu da shi daga rafi. Bakwai, takwas. Kunnuwan san suka kwanta. Goma. Ta buɗe sakata a hankali, ta tare harsashin da yatsa. Ta juya shi, ta tura, ta rufe. Bantom ya sake lasar gishiri, ya ɗago.

Tas.

Ƙafafunsa huɗu suka naɗe a lokaci ɗaya, ya zube a inda yake, dusa a leɓensa. Ko nishi bai yi ba. Masu wuƙa suka matso da sauri. Dattijon nan mai cewa bai taɓa gani ba ya cire hula ya tafa hannu sau uku, a hankali.

Ita kuwa ta juya ta zagaya bayan rumbu, ta zauna a ƙasa da bindigar a cinya, sai a lokacin kukan da ta danne tun jiya ya ƙwace mata. "Na gode, Baba," take cewa. "Na gode da masarar. Na gode." A nan Garikai ya same ta, ya durƙusa gefe, tabaransa a hannu.

Bayan an binne tsohon an watse, Garikai ya ce sai an kai Tsohuwa ofishin 'yan sanda ajiya har takardun gado su fito da sunansa. Ya ce ba zai sayar ba, kuma in ta dawo yana so a koya masa. Ta ce ya zo da kabewarsa. Ta ɗiga mata man keke, ta ja tsumma ta bututun, ta naɗe ta a bargon da tsohon ke rufe gwiwa, ta sa masa a bayan mota.

Da ta koma gida za ta wanke rigar makoki, ta ji wani abu a aljihu. Kwanson harsashin ne, ɗan ƙarami, ba ta ma san lokacin da ta tsince shi ba. Ta juya gindinsa a hasken la'asar. Tabo biyu ne a gefensa, ɗaya sama-sama, ɗaya ya shiga sosai. Ta goge shi da gefen zane, ta ajiye a bakin tagar da ke kallon mangwaron, ta koma ga wankinta.