Direban da Ya Ƙi Mutuwa

A shekarar 1978 ina koyarwa a wata firamare a Nasarawa Gwom, kuma na riga na yanke wa kaina hukuncin cewa ni marubuci ne. Babu wanda ya tambaye ni. Na sayi biro mai tsada da rigar sanyi mai dogon wuya, na fara littafi.

Jarumin littafin sunansa Malam Kamilu, malamin firamare ne, dogo, mai haƙuri, wanda idan ya buɗe baki kowa sai ya yi tsit. Ni gajere ne, 'yan ajina kuma ba su taɓa yin tsit ba, amma in ban da wannan, ni ne shi. Mugun littafin kuwa direba ne, Sale Gingimari. Na ɗauko shi daga maƙwabcina Lukuman, mai jigilar dankali da kabeji daga kasuwar Farin Gada zuwa Kudu. Laifin Lukuman a wurina shi ne yana ajiye motarsa a bakin tagata ta tare mini haske, kuma ko a gaban ɗalibaina sai ya kira ni "Oga Ticha" yana dariya. Na ba Sale tumbinsa da haƙorinsa na zinariya, na ƙara masa ƙarya da cika baki.

Kowace Asabar bayan la'asar nakan karanta babi ɗaya a shagon Haladu tela. Haladu yakan tsayar da kekensa na ɗinki, Mama Abibat mai shagon kayan masarufi ta jawo kujerarta, wasu masu wucewa su tsaya.

A makon farko na karanta jawabin da Malam Kamilu ya yi wa iyayen yara a kan amfanin ilimi. Shafi ne bayan shafi, na sha wuya a kansa. Ina cikin karatu na ji keken Haladu ya ci gaba da aiki a hankali. Da Sale ya shigo labarin, ya yi wa ɗan sanda ƙaryar cewa akuyar da ke gaban motar matarsa ce aka yi wa asiri, sai keken ya tsaya. Mama Abibat ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ticha, wannan direba ina sonsa," in ji ta. "Sati mai zuwa ka kawo shi da yawa."

"Ai shi ne mugun, Mama."

"To, mugu ne. Ka kawo shi."

Na ƙara masa mugunta don su tsane shi. Ya sayar da tayar maigidansa, ya yi wa mata biyu alkawari a gari biyu. Mutane suka ƙaru a shagon. Har Lukuman kansa ya fara zuwa idan yana gari, ya zauna a kan buhun ƙyalle yana cin gyaɗa. Ranar da na fara ganinsa a wurin, na tsallake layin haƙorin zinariya. Da na gama ya dafa kafaɗata.

"Oga Ticha, na gane mutumin nan," ya ce. "Rafiu ne na tasharmu. Wallahi kamar ka zauna da shi. Amma wannan malamin mai surutu, ka rage shi mana. Mutum ya yi ta magana kamar rediyo."

A gida na kai ƙara wurin matata Hasiya. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Malam, shi Kamilun naka ya taɓa yin kuskure?"

"A'a."

"Ya taɓa ba wani dariya?"

"Ba aikinsa ba ne."

"To me kake so su yi da shi?"

Haushi ya sa na kashe Sale. Na sa birki ya tsinke masa a gangaren dutse, motar ta kife da kabejinta, Malam Kamilu ya tsaya a bakin kabari ya yi wa'azi a kan ƙarshen maƙaryaci. Na ɗauka wannan ne babi mafi kyau da na rubuta.

Na karanta musu shi a shagon. Mama Abibat ta ɗauki kujerarta ta koma shagonta. Haladu ya ce mini a hankali, "Malam, ba ka kyauta ba." Lukuman ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce shi ma wannan hanyar zai bi jibi, ya fita.

Asabar ta gaba na zo da babin da Malam Kamilu ya samu ƙarin girma. Na tarar da Haladu shi kaɗai, shi ma yana da ɗinkin biki, ya roƙe ni in karanta da ƙarfi don ba zai tsayar da keke ba. Na karanta wa bayansa shafi biyu na naɗe takarduna.

Na yi kwanaki ina gaya wa kaina cewa mutanen unguwa ba su san adabi ba. Matsalar ita ce ni ma na kasa rubutu. In na zauna da Malam Kamilu sai hamma ta kama ni. Wata safiya ina aski na tsinci kaina ina tunanin irin ƙaryar da Sale zai yi wa likita, har na yanke haɓata don dariya.

Na koma na rubuta cewa yaron mota ne ya yi kuskuren shaida gawa. Sale yana asibitin mishan da karyayyar ƙafa, yana gaya wa wata nas mai suna Theodora cewa shi ɗan sarki ne da aka sace tun yana jariri. Malam Kamilu kuwa na tura shi kwas Kaduna.

Da labari ya bazu cewa Sale ya dawo, ranar Asabar shagon ya cika har waje. Mama Abibat ta aiko mini da kwalbar lemo mai sanyi. Bayan an watse na tsaya ina taya Haladu rufe taga, ina jira ko zai tambayi yaushe malamin zai dawo daga kwas. Ya sa kwaɗo a ƙofa, ya gwada shi, sannan ya juyo.

"Malam, ita nas ɗin nan, za ta yarda da shi kuwa?"

Na ce ban sani ba tukuna, ya bari sai Asabar.