Ƙarƙashin Kujerar Baya

"Ƙara murzawa," in ji Tsoho, kansa na cikin bonet.

Sadiƙ direba ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Mutanen da suka taya shi turo motar tun daga tsallaken titin jirgi sun kaɗe hannuwa sun watse, an bar su su biyu a garejin.

Shekara talatin Tsoho yana kanikanci a Kaura Namoda, kuma bai taɓa yarda da bakin direba ba. A ganinsa, ko rijiya mota ta faɗa, direba cewa zai yi lafiya lau yake tafiya. Shi ya sa ba ya yawan tambaya. Amma yau yana da tambayar da ba ta mota ba. Jiya da safe shi da kansa ya sa 'yarsa Rashida a wannan motar, za ta koma ɗakin mijinta a Shinkafi, hanyar da 'yan bindiga ke tarewa. Mako uku ke nan da katse layukan waya, ba mai jin labarin kowa sai a bakin direbobi. Matarsa Kulsumu ma sai da ta biyo shi har zaure yau da safe, ta ce in ya ga Sadiƙ ya kawo mata labari.

"Kun isa lahiya jiya?"

"Mun isa, Baba," in ji Sadiƙ, idonsa a kan sitiyari. "Motar ga ce. Tun da nit taso take shaƙewa, in ta faɗa rami ta mutu ta tashi. Bakin gari tam mutu gaba ɗai."

Tsoho ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya yi hamdala, ya koma kan aikinsa har da 'yar waƙa.

Batir dai lafiya, tunda injin na juyawa da ƙarfi. Ya zare wayar fulogi ɗaya, ya kusanta ta da ƙarfe, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya ɗiga fetur kaɗan a hanyar iska, Sadiƙ ya murza, motar ta kama ta yi gurnani sau biyu ta mutu.

"Yunwa ta ka ji. Ko man bumburutu ka ɗura mata, rabi ruwa?"

"Wallahi gidan mai nis sha."

Ya kwance tiyon mai, ya same shi a bushe. Ya zagaya baya ya kara kunne a jikin tanki, ya ce a kunna. Famfon mai in yana da rai sai ya yi ɗan zuuu kamar sauro. Shiru. Ya duba fiyus, bai ƙone ba. Ya sa wani duk da haka, shiru.

"Ko famfo ya mutu, ko wuta ba ta kai mai. Sai an ɗaga kujerar baya."

Sadiƙ ya saki sitiyari. Ya fito ya tsaya jikin bango.

Ƙamshin sabulu ne ya fara tarar Tsoho da ya buɗe ƙofar. Duk tashar Kaura an san motar Sadiƙ da ɓawon gyaɗa da warin albasa, rabonta da ruwa tun ƙaramar salla, sai ga kujera a jiƙe, an dirje ta har ta koɗe. Ya so ya tsokane shi ko aure zai ƙara, amma da ya dubi fuskarsa sai ya fasa.

Ya ɗaga kujerar. Ga wayar famfo a tsinke. Tsoho ya san cin ɓera, ya san ƙunar wuta, wannan ba ko ɗaya ba ne. Yagar ta aka yi, silin tagulla biyu ko uku suka rage suna riƙe da ita, su ne suka kawo motar har bakin gari kafin su saki. Kusa da ita akwai wani dogon karce a ƙarfen, sabo, yana ƙyalli. Ya bi shi da yatsa har jikin ƙofa, ya tarar da huda. Ya leƙa ta waje. An liƙa sabuwar sitika daidai wurin, mai cewa Allah ya kiyaye hanya.

Ya kifa kujerar. Soson ƙasan, inda ruwa bai kai ba, ya yi baƙi-baƙi, ya sandare.

Wannan gefen ƙofar shi ya zaɓa wa Rashida jiya. Wani mai albasa ne zaune a wurin, Tsoho ya yi ta roƙonsa har da faɗa, ya ce yarinyar na da juna biyu, a bar ta ta sha iska. Mutumin ya matsa tsakiya yana gunaguni.

Yana durƙushe ya hango wani takalmi, maƙale ƙarƙashin kujerar gaba inda mai wanki bai gani ba. Silifa ce ta mata, ƙafar hagu. Igiyarta ce ta tsinke jiya Rashida na shiga mota, ya zaro waya daga aljihu ya ɗaure mata, tana dariya tana cewa Baba komai sai ka mai da shi mota. Murɗi uku, sannan a lanƙwasa bakin ciki don kada ya soki mutum. Ba wanda ke ɗaura waya haka sai shi.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya miƙe da kyar, takalmin a hannunsa.

"Gareji nawa ka wuce kahin ka iso nan?"

"Ukku, Baba."

"To faɗa min."

Sadiƙ ya zame ya tsuguna. "Ba su tare mu ba. Daga cikin dawa sunka buɗe muna wuta, ni ko nit taka mota. Ban san an samu kowa ba sai da mai albasa yai salati. Ban tsaya ba, Baba, in na tsaya duk mun tahi. Da ranta munka shiga Shinkahi. Bakin asibiti tac cika."

"Tana ina?"

"An yi mata sutura bayan la'asar. An nemi mai zuwa ya gaya maka, ba wanda ya yarda ya biyo hanya. Mijinta ya ce in zo in ɗauke ku." Ya share fuska da hula. "Tun Shinkahi nike haɗa maganar, ta ƙi haɗuwa."

Tsoho ya yi salati a hankali. Ya so ya zage shi, ya rasa laifin da zai kama. Ya sa takalmin a aljihun rigar aiki, ya ɗauki filaya, ya koma ya durƙusa. Ya feƙe bakin wayar biyu, ya haɗa, murɗi uku, ya lanƙwasa, ya naɗe da salatif. Hannunsa bai yi rawa ba, kuma ya ji haushin hakan.

"Kunna."

Famfon ya yi zuuu. Murzawa ɗaya motar ta tashi, injin na tafiya sumul.

"Mu biya gida mu ɗauki Inna Kulsumu?" in ji Sadiƙ.

Gidan bai fi tafiyar minti biyar ba. Tsoho ya dubi lungun da ke kaiwa can, ya daɗe yana dubansa.

"Kashe ta," ya ce. "Ban yarda da fulogin ga ba."

Ya ɗauki sifana, ya sake cusa kansa cikin bonet.